Basir da Maganin Gargajiya: Tambayoyin da Aka Fi Yi da Amsoshinsu

Basir ciwo ne da kunya ke sa mutum ya fara neman maganinsa a ɓoye, shi ya sa da yawa kan fara biyawa ta wajen mai sassaƙe kafin su yarda likita ya duba su. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu fama da shi suka fi maimaitawa.

Shin mene ne basir ɗin kansa?

A cikin bakin dubura, kowane ɗan Adam yana da wasu ƙullutai masu laushi guda 3, na tsoka da jijiyoyin jini. Halitta ce, ba cuta ba. Aikinsu su taya dubura rufewa ruf, don kada iska ko ruwa su zurare. Idan aka daɗe ana matsa musu, ta hanyar yunƙurin bayan gida mai tauri, ko daɗewa a tsugune, ko nauyin juna biyu, ko yawan gudawa, sai su kumbura, zaruruwan da ke riƙe da su su saki, su fara zamewa ƙasa. Wannan kumburi da zamewa shi ne basir.

Ya zama ruwan dare sosai. A Amurka hukumomin lafiya sun ƙiyasta cewa kusan rabin waɗanda suka haura shekara 50 suna da shi. Ba ƙwayar cuta ke kawo shi ba, ba a ɗaukarsa daga wani, kuma ba datti ba ne da ya taru a ciki. Ka riƙe wannan na ƙarshe, domin za mu dawo kansa a batun wankin ciki.

Mene ne bambancin na ciki da mai tsiro?

Na ciki yana tasowa ne daga saman wani layi da ke cikin dubura, inda fatar wurin ba ta jin zafin yanka ko tsini. Shi ya sa alamarsa ta farko jini ce ba zafi ba: jini ja wur, yana ɗiga bayan an gama, ko a gan shi lokacin tsarki. Likitoci sun kasa shi mataki 4. Na 1 yana jini amma ba ya fitowa. Na 2 yana leƙowa lokacin yunƙuri ya koma da kansa. Na 3 sai an sa yatsa an mayar da shi. Na 4 ya fito ya zauna, ko an tura ba ya komawa. Abin da ake kira mai tsiro yawanci na 2 ne zuwa na 4.

Na waje kuwa yana ƙarƙashin fata mai jin zafi. Wani lokaci jini kan daskare a cikinsa farat ɗaya, mutum ya wayi gari da ƙullutu mai tauri, shuɗi-shuɗi, ko zama ba ya iya yi. Zafin yakan kai maƙura a kwana 2 na farko, sannan ya riƙa sauka cikin mako ɗaya zuwa biyu ko da ba a sha komai ba. Magunguna da dama sun yi suna ne a kan wannan: an sha jiƙo a rana ta uku, ciwo ya lafa a ta bakwai, sai yabo ya tafi ga jiƙon.

An ce ciwon bayana da kasala da raunin mazakuta duk basir ne. Haka ne?

A'a. Basir ba ya hawa baya, ba ya kumbura ciki, ba ya taɓa mazakuta. Alamominsa a dubura suke tsayawa: jini, ƙaiƙayi, danshi, tsiro, da jin kamar ba a gama bayan gida ba. Abu ɗaya da yake iya kai wa sauran jiki shi ne ƙarancin jini idan zubar ta daɗe, wanda ke kawo jiri da kasala da haki.

Illar wannan faɗaɗa suna ba ƙarama ba ce. Raunin mazakuta sau da yawa alamar farko ce ta ciwon suga ko hawan jini ko toshewar jijiyoyi. Wanda ya shekara biyu yana shan maganin basir a kansa, shekara biyu ya ba ainihin ciwon yana cin jikinsa.

Waɗanne irin tsirrai masu magani ke amfani da su?

Sunaye sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma idan ka duba aikin da suke yi, kusan duk kashi uku ne. Akwai masu sassauta bayan gida, kamar tsamiya da filasko da ɓawon isabgol na Indiya. Akwai masu bauri da ke ɗaure fata su rage tsattsafar jini, kamar bagaruwa, wadda ake amfani da ita daga Afirka har Indiya, da sassaƙen marke, da ɓawon rumman, da wani itacen Arewacin Amurka mai suna Hamamelis. Sai kuma masu sanyaya wuri su rage raɗaɗi, kamar ruwan cikin ganyen alobera da mayukan shafawa. Masu maganin Sin tun da daɗewa suna ba da furen itacen Sophora japonica don jinin basir, masu maganin Indiya kuma suna da haɗin 'ya'yan itace uku da suke kira Triphala.

Ba kowane ganye ne ya shiga wannan sahu saboda an ga aikinsa ba. A Turai akwai wata ciyawa, Ficaria verna, da aka daɗe ana bai wa masu basir don kawai saiwarta tana da ƙullutai masu kama da tsiron basir. Ɗanyenta ma yana tayar da bororo a fata. Don haka daɗewar magani a hannun kakanni hujja ce ta a bincike shi, ba hujjar cewa yana aiki ba.

Bagaruwa da sauran masu bauri: sha ake yi ko zama a ciki?

Nan ne aka fi yin kuskure. Baurin da kake ji ya ɗaure maka harshe idan ka tauna bagaruwa, wani sinadari ne da ake kira tanin, shi ne kuma majema ke jeme fata da shi. Idan ya taɓa wuri mai laushi yakan tsuke shi, danshi ya ragu, ƙaiƙayi ya lafa, ƙananan jijiyoyin da ke tsattsafa su ɗan kame. A waje ke nan, kuma amfanin na ɗan lokaci ne. A kan wannan hikimar ake sayar da audugar gogewa mai ruwan Hamamelis a kantunan magani na ƙasashe da dama.

Amma idan ka sha shi, abin da ya yi wa fata shi zai yi wa hanji: ya ɗaure ciki. Ai saboda haka ne ake ba da irin waɗannan tsirrai ga mai gudawa. Mai basir kuwa babban abokin gabarsa taurin bayan gida ne. Sai ka ga mutum jini ya tsaya masa kwana biyu, a rana ta uku ya shiga bayi yana nishi kamar zai mutu, jini ya dawo fiye da da. An gudu ba a tsira ba. Ƙari a kan haka, tanin yana hana hanji tsotsar sinadarin ƙarfe daga abinci, wanda shi ne mai zubar jini ya fi buƙata. A ganina masu bauri wurinsu waje ne, a tsarma su sosai da ruwa, a kuma daina idan wurin ya fara bushewa yana tsagewa.

To maganin wankin ciki fa? Ina ganin abubuwa suna fita, ina kuma jin sakayau.

Abin da ke fita bayan gida ne da ruwa da majinar hanji, ba basir ba. Kamar yadda aka faɗa a amsar farko, basir sashen jikinka ne da ya kumbura, babu gudawar da za ta wanke shi. Filasko, wanda wasu ke kira sanamaki, yana ɗauke da sinadaran da ke tsokanar babban hanji ya motsa, kuma yakan fara aiki cikin awa 6 zuwa 12. Magani ne na gaske, har a asibiti ana ba da ƙwayarsa, amma da awo, kuma ba a so a wuce mako ɗaya ana sha ba tare da shawarar likita ba. Yana iya rina fitsari ya yi ja-ja, wannan ba jini ba ne.

Matsalar jiƙo ita ce babu awo. Dintsi ɗaya na yau ba ƙarfinsa ɗaya da na gobe ba. Idan ya yi yawa sai murɗar ciki da zawo sau biyar sau shida, kowane tsuguno kuma ƙarin matsi ne a kan ƙullutan da ake son su huta. Shan sa na watanni yana zubar da gishirin fotasiyam, wanda zuciya ke buƙata don bugawa daidai. Haka ruwan nan mai ɗaci, rawaya, da ke ƙarƙashin ɓawon alobera: a 2002 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta cire shi daga jerin magungunan sassauta ciki da ake sayarwa ba da takardar likita ba. Ruwan cikin ganyen mai yauƙi, wanda ake shafawa, daban yake.

Akwai wanda bincike ya tabbatar yana aiki?

Akwai, kuma shi ne wanda ba a cika tallatawa ba: faiba, wato sashen abincin da hanji ba ya narkarwa, irin dusar hatsi da zaren ganye da ɓawon wake. A 2005 ƙungiyar Cochrane, mai tace binciken lafiya na duniya, ta haɗa sakamakon gwaje-gwaje 7 da aka yi a kan mutum 378, ta ga cewa ƙarin faiba ya rage zubar jini da ci gaban alamomi da kusan rabi. Isabgol, ɓawon ƙwayar ciyawar Plantago ovata, yana cikin waɗanda aka gwada. Yana shan ruwa ya kumbura ya zama kamar yauƙi, sai bayan gida ya fito da laushi ba tare da yunƙuri ba. Sharaɗinsa a sha shi da cikakken kofin ruwa, in ba haka ba yana iya sarƙewa a maƙogwaro ko hanji. Babba yana buƙatar faiba giram 25 zuwa 30 a rana. A ƙara sannu a hankali saboda kumburin ciki, a kuma ba shi makonni, ba kwanaki ba.

Na biyu su ne sinadaran da ake tacewa daga ɓawon lemo, diosmin da hesperidin, waɗanda ake sayarwa a matsayin ƙwaya da sunaye irin su Daflon. Wani bitar Cochrane na 2012 ya nuna irin waɗannan magunguna suna rage jini da ƙaiƙayi da danshi. Wannan ba ya nufin a tafasa ɓawon lemo a sha, domin adadin da ke cikin ƙwaya ya ninka abin da tukunya za ta fitar nesa ba kusa ba. Sauran tsirrai da yawa binciken da aka yi musu a kan dabbobi ne ko cikin ɗakin gwaji.

Yaya ake zaman ruwan ɗumi?

A samu roba mai tsabta mai faɗi, a zuba ruwa mai ɗumi wanda gwiwar hannu za ta iya jurewa ba tare da an janye ba, a zauna minti 10 zuwa 15, sau 2 ko 3 a rana, musamman bayan an fito daga bayi. A tsane wurin da ƙyalle mai laushi, dannawa ake yi ba gurzawa ba. Ɗumin ne ke sa tsokar dubura ta saki, zafi ya ragu, saboda haka ruwa zalla ma ya wadatar. Kada a zuba sabulu mai ƙarfi ko maganin kashe ƙwayoyin cuta na wanke ɗaki. Mai ciwon suga ya sa wani ya gwada masa zafin ruwan, domin fatarsa ba lallai ta ji ƙuna da wuri ba.

Mai magani ya ce zai yi min matsi ko ya ƙona tsiron. In yarda?

Kada ka yarda. A cikin dukan hanyoyin gargajiya wannan tana cikin mafi haɗari. Ƙona basir da wuta ko da toka mai cin nama tsohuwar dabara ce. Hippocrates, likitan Girka na zamanin da, ya yi bayaninta, takwaransa Sushruta na Indiya ma haka. Amma abin da ke cin tsiro ba ya bambance shi da lafiyayyar fatar da ke gefensa. Wurin yakan zama gyambo, ya yi ruwa, idan ya warke kuma tabon ya tsuke ƙofar dubura har bayan gida ya riƙa fita siriri da azaba. Idan ƙunar ta kai tsokar da ke rufe dubura, mutum na iya kasa riƙe bayan gida, gyaran wannan kuwa ya fi na basir wuya ƙwarai.

Haka cusa ɗanyar tafarnuwa ko citta ko gari mai yaji: ƙona wurin suke yi, raɗaɗin da ake ji kuma ba alamar magani na ratsawa ba ne. Tsugunawa a kan hayaƙi ko tururi ma ya sha ƙona mutane. Ɗaure tsiro da zare a gida ya fi duka haɗari idan na waje ne, ga azaba ga ruɓewa.

Akwai ganyen da zai mayar da tsiro ciki gaba ɗaya?

Idan mataki na 1 ne ko na 2, gyaran bayan gida da rage yunƙuri sukan sa kumburin ya sauka har mutum ya manta da shi. Idan ya kai na 3 ko na 4, zaruruwan da ke riƙe da ƙullutun sun riga sun saki, kamar robar wandon da ta mutu: ko sau nawa ka wanke, ba za ta sake kama ƙugu ba. Ganye zai iya rage jini da raɗaɗi, amma ba zai ɗinke abin da ya saki ba. Duk wanda ya yi maka alkawarin tsiro zai bushe ya faɗi cikin kwana uku, ka sake karanta amsar da ke sama a kan matsi da ƙonawa, domin yawanci abin da yake nufi ke nan.

Yaushe jini ke nuna ba basir ba ne?

Ba a iya rabewa da ido daga gida, gani kuma ya kori ji: sai an duba. Tsagewar dubura tana kawo jini da zafi kamar yankan reza lokacin bayan gida. Atini da tsargiyar hanji suna kawo jini da majina. Sankarar babban hanji, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa a matsayin ta uku wajen yawa a cikin cututtukan sankara a duniya, da sababbin masu kamuwa fiye da miliyan 1.9 a 2020, takan fara da jinin da ba shi da bambanci da na basir. Mutum yana iya samun duka biyu a lokaci ɗaya.

A je asibiti ba tare da jinkiri ba idan jinin ya cakuɗe da bayan gida, ko baƙi ne kamar kwalta, ko akwai rama ba dalili, ko tsarin bayan gida ya canza na makonni, ko wani a dangi ya taɓa yin sankarar hanji, ko shekaru sun kai 45. Jini mai guda-guda tare da jiri, ko zazzaɓi da kumburi mai zogi a gefen dubura, ko tsiron da ya fito ya yi baƙi ya ƙi komawa, waɗannan na ranar ne, ba na gobe ba.

Barkono ne ke jawo shi?

Ba shi ke jawo shi ba. Wani gwaji da aka yi a Italiya a 2006 a kan masu basir 50 bai ga bambanci ba tsakanin waɗanda suka haɗiyi garin barkono da waɗanda suka haɗiyi ƙwayar da babu komai a ciki. Mai tsagewar dubura kuwa yakan ji jiki. Idan kai yana tayar maka, ka rage.

Ina da juna biyu. Zan iya shan jiƙo?

Ki bari. Basir yakan taso a watanni 3 na ƙarshe da kuma bayan haihuwa, kuma da yawa yakan lafa da kansa cikin makonni. Man zurma yana iya tayar da naƙuda, ruwan alobera mai ɗaci ma ba a ba mai ciki, haɗin da ba a san abin da ke ciki ba kuwa babu mai iya ba ki tabbacin lafiyar ɗan da ke cikinki. Ki dogara da faiba da ruwa da zaman ruwan ɗumi da kwanciya a gefen hagu. Ki kuma faɗa wa ungozoma idan ƙwayar ƙarin jini tana ɗaure miki ciki. Gyara yadda ake sha za a yi, ba dainawa ba.

Ɗana ƙarami wani jan abu yana fito masa. Basir ne?

Da wuya. Basir ba kasafai yake kama yara ba. Abin da aka fi gani, musamman a ƙasa da shekara 4, shi ne zazzagowar ƙarshen hanji, ja mai zobe-zobe, wanda doguwar gudawa ko tamowa ko tsutsar ciki ke jawowa. Yawanci yana daina fitowa idan aka magance sanadin. Kada a shafa masa komai mai yaji ko a kanga shi a hayaƙi. Ƙaiƙayin dubura da dare kuwa galibi ƙananan tsutsotsi ne, maganinsu mai sauƙi.

Zan iya haɗa na gargajiya da na asibiti? Na kwalba fa?

Ka faɗa wa likita duk abin da kake sha, ko da zai ɓata rai. Wannan ya fi muhimmanci ga masu shan maganin tsinka jini irin asfirin ko warfarin, da masu ciwon ƙoda ko hanta ko zuciya. Isabgol ma yana iya rage shigar wasu magunguna jiki, don haka a bar tazarar awa 2 tsakaninsu.

Na kwalba ba ya zama amintacce don an liƙa masa takarda mai kyau. Wani bincike da aka buga a 2004 ya gwada magungunan gargajiyar Indiya 70 da ake sayarwa a yankin Boston, ya sami dalma ko zaiba ko gubar arsenik a cikin 14. Ka nemi wanda aka rubuta sunayen tsirransa da awo da lambar rajistar hukumar magunguna ta ƙasarka, ka kuma sani rajista ba shaidar warkarwa ba ce. Kwalbar da ta lissafa cututtuka ashirin, ajiye ta.

Idan na je asibiti dole sai an yanka ni?

Wannan tsoron ne ke riƙe mutane da yawa, alhali kaɗan ne ke kai wa ga tiyata. Ga mataki na 1 zuwa na 3 akwai ɗaurin roba, wanda likita Barron ya yaɗa a 1963: ana maƙala ƙaramar roba a gindin ƙullutun, can sama inda ba a jin zafi, cikin 'yan mintuna, mutum ya tashi ya tafi gida. Jini ya daina kai wa wurin, cikin kamar mako ɗaya ya faɗi tare da robar, sau da yawa ba a ma lura ba. Akwai kuma allurar da ke ƙanƙance shi. Yanka na mataki na 4 ne da na 3 da ya ƙi jin sauran hanyoyi. Na waje mai daskararren jini, idan aka zo cikin awa 72, ana iya kashe wurin da allura a cire gudan.

Har tsawon wane lokaci zan gwada na gida kafin in nemi likita?

Idan akwai jini, a fara da dubawa, sannan a gwada na gida, ba a juya ba. Idan an riga an tabbatar basir ne, mako ɗaya na zaman ruwan ɗumi da sassauta ciki ya isa a ga sauƙin zafi da ƙaiƙayi. In babu, a koma. Faiba kuwa a ba ta kamar mako 6 kafin a yanke mata hukunci, a kuma ci gaba da ita ko bayan ɗaurin roba ko tiyata, domin basir yana dawowa idan taurin ciki ya dawo. A cikin wannan lokaci, da zarar bayan gida ya matsa a tafi, kada a riƙe, kada a shiga bayi da waya, in minti 5 ya wuce babu abin da ya fito a tashi a dawo an jima.